Gargaɗi ga Masu Motoci da Masu Shirin Saye a Damagaram: Lamba Ɗaya a Jikin Mota Biyu

Na rubuta wannan gargaɗi ne saboda abin da ya sami wani maƙwabcina a nan Damagaram, mutumin da ya shafe shekaru yana tara ribar hatsi a Kasuwar Dole domin ya mallaki motar da zai riƙa kai iyalinsa ƙauye. Wani dillali da aka haɗa su ta hannun abokin aboki ya kawo masa farar Toyota Corolla mai kyan gani, da farashin da ya gaza na kasuwa sosai, ya ce mai ita yana cikin matsin kuɗi ne. Da maƙwabcin nawa ya nemi kart griz, wato takardar rajistar mota, sai aka miƙa masa kwafi, aka ce: "Alhaji, kwantar da hankalinka, ta asalin tana Yamai, mako mai zuwa za a aiko da ita." Ya ji nauyin matsa wa mutumin da ya ci abinci a gidansa, ya ƙirga kuɗi ya bayar.

Bayan ƴan watanni jandarmomi suka tsayar da shi a shingen bincike kan hanyar Matamaye, suka duba takardu, sannan ɗayansu ya buɗe gaban mota ya gwada lambar shasi da wadda ke rubuce a takarda, sai ga shi ba su yi daidai ba. Bincike ya nuna cewa lambar farantin da ke manne a motarsa ta wata Corolla ce fara, iri ɗaya da tasa, wadda mai ita ke hawa a wani gari bai san hawa ba bai san sauka ba. Wayar dillalin kuwa tun daga ranar ba ta sake shiga ba.

Yadda mazambatan ke wannan aiki ba shi da wuya, abin da ya sa yake da haɗari ke nan. Suna da motar da ba za ta iya samun lamba ta hanyar gaskiya ba, ko dai ta sata ce, ko an shigo da ita ta ɓarauniyar hanya ba a biya kuɗin duwan ba. Sai su nemi wata mai takardu cikakku wadda ta yi kama da ita a kamfani da samfuri da launi, su kwafi lambarta, su sa a buga musu sabon faranti, su haɗa kart griz ta jabu. Garinmu yana kan mahaɗar hanyoyi: ta Yamai zuwa Diffa, ta Tanut zuwa Agadas, ga kuma iyakar Najeriya ta Dan Barto da ta wajen Magarya, saboda haka mota tana iya kwana a ƙasa ɗaya ta wayi gari a wata da sabon suna.

Abin da nake so kowane mai saye ya riƙe shi ne, farantin lamba guntun ƙarfe ne da ake cirewa a ɗaura cikin ƴan mintuna, ko da kuwa tsohuwar lambar jiharmu ce mai farawa da 7 wadda ido ya saba da ita. Sunan mota na gaskiya shi ne lambar shasi. Tun daga 1981 yawancin motoci suna ɗauke da ita da haruffa da alƙaluma 17, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0, saboda haka wanda ya ga ɗayansu ya san an taɓa ta. Farkonta galibi yana faɗin ƙasar da aka ƙera motar: J na Japan, W na Jamus, VF na Faransa. Ana samunta a buge a jikin ƙarfen motar, da kan ɗan faranti ko takardar da ke manne a bakin ƙofa, a wasu motocin kuma har da ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, kuma wajibi ne duk su zo daidai da juna, su kuma zo daidai da abin da ke kan kart griz da takardar duwan da ta asurans, harafi bayan harafi.

Na taɓa tsayawa a gareji na ga wani tsohon makanike yana wannan dubawa. Ya jiƙa tsumma da mai ya goge wurin lambar har ƙarfe ya fito, ya haska fitilar wayarsa daga gefe, sannan ya bi da ɗan yatsa yana laluben ko akwai alamar walda a kewaye, ko shafin injin goge ƙarfe, ko alƙalamin da ya fi ƴan'uwansa zurfi ko ya karkace daga layi. Ya ce fenti sabo a wannan wuri kaɗai, alhali sauran ƙarfen ya tsufa, ya ishe shi dalilin hana yaronsa saye. Aikin bai kai rubu'in awa ba.

Kada wanda ya karɓi kwafi a madadin takarda ta asali, kuma kada a biya kuɗi sai an ga mutumin da sunansa ke kan kart griz tare da katinsa na ɗan ƙasa, ko takardar wakilci da hukuma ta sa wa hannu. A rubuta takardar ciniki a gaban hukuma da shaidu, a je ofishin sufuri tare da mai sayarwa a tabbatar da rajistar motar. Wanda ya ce yana gaggawa, ko ya ce wannan tambaya rashin yarda ce, a bar masa motarsa. A nawa ganin kunya ce ta fi cutar da mu a nan, domin muna ɗaukar bincike tamkar cin fuska ga dattijo, mazambaci kuwa da wannan kunyar yake cin kasuwarsa. Wanda aka kama da motar sata ba asarar kuɗi kawai yake yi ba, ana iya tuhumarsa da karɓar kayan sata.

Mai motar asali ma bai tsira ba. Idan tagwayen motarsa ta kaɗe mutum ta gudu, ko aka yi fashi ko safarar ƙwaya da ita, shaidu lamba za su faɗa, lamba kuwa ƙofar gidansa za ta kai ƴan sanda. Shi ya sa ya kamata masu sa hoton mota a Facebook da WhatsApp su rufe lambar kafin su tura, wanda farantinsa ya faɗi ko aka cire masa ya je komisariya a ranar ya kai rahoto ya karɓi takardar shaida, wanda ya sayar da mota kuma ya tsaya sai an sauya suna a kan kart griz. Ajiye hotunan alamomin da suka bambanta motarka, kamar tsagar gilashi ko lotsawar ƙofa, yana taimakawa ranar da za a ce ka tabbatar da cewa ba taka ba ce aka gani.

Motar maƙwabcina tana hannun hukuma har yanzu ana ci gaba da bincike. Shi kuma ya koma hawan kabu-kabu zuwa kasuwa, yana biyan sauran bashin da ya ci wurin surukinsa don cika kuɗinta.