Pokémon, Yu-Gi-Oh! ko One Piece: wane kati ya cancanci kuɗinka?

Kafin ka tura kobo ɗaya ga mai sayar da katunan wasa na anime, wato finafinan zane na Japan, ka fara tantance abu ɗaya: wasa kake son yi, ko tarawa? Yawancin masu cizon yatsa a wannan harka ba kati mara kyau suka saya ba. Sun sayi kayan mai tarawa ne alhali wasa suke so, ko kuma akasin haka. Uku ne suka fi cika kasuwa, kuma kowanne da irin mutumin da ya dace da shi.

Yu-Gi-Oh! shi ne wanda yawancinmu muka fara sani ta talabijin, inda Yugi ke fito da Dark Magician, Kaiba kuma na taƙama da Blue-Eyes White Dragon. Labarin ya faro ne a 1996 a hannun Kazuki Takahashi, kamfanin Konami ya fitar da katunan a Japan a 1999, na Turanci suka biyo baya a 2002. Kowane ɗan wasa na farawa da maki 8000 na rai, ƙunshinsa, wato tarin katunan da zai yi wasa da su, na ɗauke da kati 40 zuwa 60, da wani ƙarin ƙunshi na gefe da ba ya wuce 15. Kati iri ɗaya ba a sa fiye da uku.

Amma wanda ya shigo da tunanin abin da ya gani a talabijin zai sha mamaki. Wasan na yau gudu yake yi kamar an koro shi. Abokin karawarka zai iya shafe minti goma a zagayensa na farko yana jero katuna, kai kuma kana zaune kana karanta rubutu ƙanana kamar na takardar magani. Tsofaffin katuna ba sa ritaya a nan, sai dai Konami na fitar da jerin waɗanda aka haramta ko aka taƙaita lokaci zuwa lokaci. Wannan na da daɗi da ɗaci. Katin da ka saya shekaru goma da suka wuce yana iya shiga gasa, amma wanda ka saya da tsada watan jiya yana iya faɗawa jerin haramci, darajarsa ta zube a dare ɗaya. Hanyar shiga mafi sauƙi ita ce shiryayyen ƙunshin da suke kira Structure Deck. 'Yan wasa kan sayi uku iri ɗaya, domin yawancin katunan da ke ciki ɗai-ɗai ne, sai sun haɗa ukun su tsamo ƙunshi guda mai ƙarfi. Ka sa wannan a lissafinka tun farko.

Pokémon kuwa ya fi kowa sauƙin koyo, kuma ya fi kowa tsokanar aljihu. Katunansa sun fito a Japan a 1996, 'yan watanni kafin fim ɗin zanen ya fara a 1997, na Turanci kuma a 1999. Ƙunshi kati 60 ne cif, iri ɗaya ba ya wuce huɗu in ban da katunan kuzari na asali. Ana ajiye kati shida a gefe a matsayin lada, duk lokacin da ka kayar da dabbar abokin karawa sai ka ɗauka, wanda ya riga kwashe nasa ya ci. Yaro ɗan shekara takwas zai kama wannan a zama ɗaya. In don yara kake saye, ko don ku zauna da ƙannenka bayan la'asar, kwalin Battle Academy ya wadatar, tunda yana zuwa da shiryayyun ƙunshi da allon shimfiɗawa.

Abin lura shi ne a gasar Pokémon ana yi wa katuna ritaya kusan kowace shekara. Akwai ɗan harafi a ƙasan kati ta hagu, shi ke nuna ko har yanzu yana cikin zamani. Mai wasan gida wannan bai dame shi ba. Mai niyyar gasa kuwa ya duba harafin kafin ya biya.

Ta ɓangaren tarawa babu mai kama ƙafar Pokémon. A 2021 Logan Paul, wani tauraron YouTube ɗan Amurka, ya mallaki katin Pikachu Illustrator a kan sama da dala miliyan 5, har ya shiga kundin Guinness. Irin wannan labari ne ke sa mutum ya ɗauka duk kati mai ƙyalli dukiya ce. Ba haka ba ne. Wancan kati kyauta ce ta gasar zane da aka yi a Japan a ƙarshen shekarun 1990, 'yan kaɗan aka buga, kuma nasa ya samu maki 10 cikin 10 a wurin PSA, kamfanin Amurka da ke tantance lafiyar kati ya rufe shi cikin roba. Katin da ake bugawa da miliyoyi a yau ba ajinsu ɗaya ba.

One Piece shi ne ɗan autan ukun. Kamfanin Bandai ya fitar da shi a Japan a watan Yulin 2022, na Turanci a Disamban shekarar. Ana wasa da katin jagora ɗaya, misali Luffy ko Zoro, da kati 50 masu launin da ya dace da jagoran, da katunan DON!! guda 10 waɗanda su ne kuɗin kashewa a cikin wasa. Ni a ganina tsarinsa ya fi na sauran biyun daidaito: bai kai Yu-Gi-Oh! ruɗani ba, ya kuma fi Pokémon ja-in-ja tsakanin 'yan wasa. Matsalarsa ita ce samuwa. Sau da yawa sabon fitowa kan yi ƙaranci, 'yan sari su ninka farashi, kuma samun abokin wasa ya fi wuya.

Yanzu ga inda kuɗi ke salwanta. Dukkansu ana sayar da su cikin ƙananan fakiti a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yaga. A bugun Turanci, na Pokémon kati 10, na Yu-Gi-Oh! galibi 9, na One Piece 12. Yaga fakiti akwai daɗi, ba zan yi musu ba, amma a matsayin hanyar neman wani kati takamaimai ita ce mafi tsada. Kana iya buɗe kwali guda mai fakiti 36 ba ka ga wanda kake nema ba, alhali da ka saye shi shi kaɗai a hannun mai sayar da ɗai-ɗai da ka huta. Akwai kuma masu ganin sayen abin da ba a san cikinsa ba ya yi kusa da caca. A 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta Pokémon, kuma batun caca na cikin dalilan da ta kawo. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da fakitin rufe ba, shiryayyen ƙunshi da katin ɗai-ɗai sun fitar da shi, domin ya san abin da yake biya.

Sai jabu, wanda shi ne babban tarkon mai saye daga nan. Idan ka ga ɗaruruwan katunan Pokémon masu walƙiya a leda ɗaya da kuɗin kwanon shinkafa, ko katunan zinare na roba, ba sai an faɗa maka ba. Katin Pokémon na Turanci na gaskiya yana da siririn baƙin layi a tsakiyar takardarsa, shi ya sa hasken tocila ba ya ratsa shi sosai. Na Yu-Gi-Oh! na Turanci yana da ɗan hatimi mai ƙyalli a kusurwar ƙasa ta dama. Kuskuren rubutu da launi mai dishi-dishi su ma suna tona asiri. In yaro ne zai yi wasa da su a tsakar gida, jabu ba zai cutar da kowa ba, illa dai kada a karɓi kuɗin na gaske a hannunka.

Ka kuma kula da harshe. Katunan Japan sukan fi araha, bugunsu kuma yana da kyau, don haka masu tarawa ke son su. Amma bayan katin Pokémon na Japan daban yake da na Turanci, ba sa haɗuwa a ƙunshi ɗaya, kuma gasar Yu-Gi-Oh! ta ƙasashen yamma ba ta karɓar bugun Asiya. Hatta ledar da ake sa kati ciki ba ɗaya ba ce: na Yu-Gi-Oh! ƙarami ne, milimita 59 da 86, na Pokémon da One Piece kuwa 63 da 88. Ledar ba ado ba ce a wurinmu. Danshin damina na lanƙwasa kati mai ƙyalli, ƙurar hunturu kuma na karce fuskarsa.

Da ni ne mai saye yau, ba zan fara da kuɗi ba. Master Duel na Yu-Gi-Oh! da Pokémon TCG Live duk kyauta ake sauke su a waya, kuma ƙa'idojinsu na ainihin wasan ne. Sati biyu a kansu ya isa ka gane wanda ya shiga ranka. Daga nan sai ka tambayi waɗanda za ka riƙa zama da su wanne suke bugawa, ka sayi shiryayyen ƙunshi biyu na wannan, ɗaya naka ɗaya na baƙo, da leda ɗari da 'yan kai daidai girmansu.