Teburin mai shayi na bakin tasha, hanyar Gumel zuwa Maigatari: shayi, talabijin da hirar zaɓen Amurka

Teburan shayi ba su ƙirguwa a ƙauyukan da ke kan hanyar Gumel zuwa Maigatari, amma wanda ake magana a kansa a nan shi ne na bakin tasha, mai rumfar kwano da benci huɗu, wanda ya ɗora farantin sola a kan rufi ya rataye talabijin a jikin ginshiƙi. Yana buɗewa bayan sallar Asuba, ya tashi da hantsi, ya dawo bayan La'asar har dare ya raba. Daren Laraba da safiyar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, samun wurin zama sai an yi sa'a, saboda direbobi da dillalan shanu da masu sayen riɗi da zoɓo. Wuri ne da ya cancanci a tsaya. Shayinsa ya fi na yawancin teburan hanyar, amma hannun mai shayin yana da nauyi a kan sukari da gishiri, kuma wanda bai san yadda zai yi oda ba zai sha abin da jikinsa ba ya buƙata.

Ruwan shayin shi ne ƙarfin wurin. Tukunya biyu yake ɗorawa a kan gawayi, ɗaya ruwan zafi zalla, ɗaya ta kayan ƙamshi: citta da aka daddaka, kanumfari, masoro kaɗan, da na'a-na'a da ake jefawa daga ƙarshe. Ganyen shayi ba ya kwana a cikin tukunya. Sai an yi oda yake zuba shi a rariya ya kwarara ruwan a kai, ya bar shi minti uku zuwa huɗu. Wannan shi ne bambancinsa da teburan da ke barin ganye yana tafasa tun Asuba, inda shayin ke yin baƙi ƙirin da ɗaci da bauri, har sai an tula sukari kafin ya shawu. Ruwan bunun wannan teburi ana iya shansa da ƙaramin cokali ɗaya na sukari ba tare da an yamutsa fuska ba.

Matsalar tana wajen haɗin kauri. Cokalin da yake ɗibar sukari da shi na cin abinci ne, wanda a shafe yake ɗaukar kimanin giram 12, a tule kuwa ya fi haka. Idan ba a ce komai ba, uku yake zubawa a babban kofi, sannan ya ƙara garin koko wanda shi ma da sukarinsa ya zo, ga madarar gari a kai. Kofi ɗaya ke nan ya kai giram 40 ko ya wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babban mutum, wato ƙaramin cokali 12, kuma ta ce a sauko zuwa giram 25 ya fi. Mai shan haɗin kauri safe da dare ya kusa ninka iyakar farko tun bai taɓa lemon kwalba ba. Manomin da zai wuni yana huɗa yana ƙona wani ɓangare, amma direban da zai zauna a mota daga Maigatari zuwa Kano, ko dattijon da asibiti ya riga ya gaya masa yana da ciwon sukari, wannan kofin illa yake yi masa. Mai shayin ba ya musu idan aka ce masa, "Malam, cokali ɗaya, ban da koko." Dole dai a faɗa tun kafin ya ɗaga gwangwani.

Madarar tasa ta awo ce daga buhu. Irin wannan sau da yawa an cire mata man shanunta an maye shi da man kayan lambu, shi ya sa ta fi araha, kuma tana barin maiƙo a leɓe idan shayin ya huce. Yana ajiye ta gwangwani ga wanda ya nema, da ƙarin kuɗi.

Indomi da ƙwai shi ne abin da aka fi saye da dare, kuma a nan gishiri yake taruwa. Leda biyu yake fasawa, ya juye ƙunshin ɗanɗano duka biyun, ya murmushe dunƙulen magi ɗaya, sannan ya barbaɗa gishiri a ƙwan. Kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne, ƙunshin ɗanɗanon ma haka yake, alhali iyakar da ake so a yini ba ta kai giram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya a shafe. Faranti guda yana iya cinye rabon yini gaba ɗaya. Mai hawan jini ya ce a sa ƙunshi ɗaya ga leda biyu, a bar magi, a ƙara albasa da attaruhu da tumatir. Ɗanɗanon ba ya raguwa sosai. Abin yabo shi ne yana fasa kowane ƙwai a kofi daban kafin ya haɗa, don haka ɓataccen ƙwai ba ya lalata sauran, kuma yana goge kaskon ya zuba sabon man gyaɗa maimakon ya bar tsohon mai yana baƙi. Burodinsa na leda ne mai sunan gidan burodi da lambar NAFDAC, abin da ke da muhimmanci tunda hukumar ta haramta sinadarin buromet da wasu masu gashi ke sawa don burodi ya kumbura.

Wajen wanke kofuna ne ya gaza. Bokiti biyu ne kawai, na sabulu da na ɗauraya, kuma a daren kasuwa ruwan ɗauraya yana yin fari da madara kafin a canza shi. Gyaran ba wuya: roba ta uku, da ludayi ɗaya na ruwan zafi daga tukunyar da ke kan wuta a kwarara wa kowane kofi. Mai saye yana iya roƙon hakan, kuma ana yi masa.

Talabijin ɗin ne ya mai da teburin majalisa. Inci 32 ce, da dikoda ta tashoshin kyauta, da ƙwan lantarki uku, duk a kan batiri ɗaya mai ƙarfin 100Ah da ƙaramar inbata. Lissafin a fili yake. Batirin yana riƙe kimanin wat 1,200 na awa ɗaya, amma irin wannan batiri rabinsa kawai ake ja idan ana so ya daɗe. Kayan da ke kansa, haɗe da asarar inbata, suna cin wajen wat 80, wato awa bakwai da ɗoriya. Ga daren yau da kullum ya wadatar. Ga daren zaɓen Amurka bai isa ba, domin a watan Nuwamba agogon Najeriya yana gaban na Washinton da awa shida, kuma a lokacin ƙurar hunturu ta fara kwanciya a kan farantin sola tana rage caji. Wanda ya kunna tun Magariba, ya kuma bari aka jona wayoyi goma sha, allon zai mutu daidai lokacin da labari ya fara daɗi. Abin da ya dace shi ne a goge farantin da ɗanyen tsumma da safe, a hana cajin waya, a bar talabijin a kashe har ƙarfe ɗaya na dare.

Dalilin ƙarfe ɗaya shi ne, a agogonmu, a lokacin ake rufe rumfunan zaɓe a jihar Jojiya, Karolina ta Arewa ɗaya da rabi, Fensilbaniya ƙarfe biyu, Wiskonsin da Arizona ƙarfe uku, Nebada ƙarfe huɗu, Kalifoniya ƙarfe biyar, ana shirin kiran Assalatu. Zaɓen kullum ranar Talata yake faɗawa, don haka daren Talata ne wayewar Laraba. A 2024 an yi shi ranar 5 ga Nuwamba, kuma sai wajen sha ɗaya da rabi na safiyar Laraba a nan aka tabbatar da nasarar Donald Trump a kan Kamala Harris. A 2020 sai ranar Asabar aka bayyana Joe Biden. Wanda ya hana idonsa barci yana shan kofi bayan kofi, sau da yawa abin da zai tashi da shi kawai sukari ne da ciwon kai. Labaran safe na rediyo sun ishe shi. Na shugaban ƙasa mai zuwa ranar 7 ga Nuwamba 2028 ne.

Gardamar da ta fi yawa a bencin ita ce ta taswirar ja da shuɗi, ja na jam'iyyar Rifablikan, shuɗi na Dimokurat. Mutane suna ganin ja ya mamaye allo su ce an gama. Ba faɗin ƙasa ake ƙirgawa ba. Kowace jiha tana da adadin wakilan zaɓe gwargwadon kujerunta a majalisa, haɗe da 3 na birnin Washinton jimilla 538, wanda ya sami 270 ya ci. Montana mai faɗin gaske wakilai 4 gare ta, Niyu Jasi da da ƙyar ake ganinta a taswira tana da 14, Kalifoniya 54. Ban da Men da Nebraska, wanda ya zo na ɗaya a jiha shi ke kwashe wakilanta duka, ko da ƙuri'a dubu ya fi abokin takararsa. Shi ya sa Hillary Clinton ta fi Trump ƙuri'u kusan miliyan 3 a 2016 amma ba ta hau ba. Wannan ya saɓa da tsarinmu, inda ake neman mafi yawan ƙuri'u tare da kashi 25 cikin 100 a kashi biyu cikin uku na jihohi. A 2024 Trump ya cinye jihohin raba gardama bakwai duka, wato waɗanda kowace jam'iyya ke iya ci, har da Mishigan inda Musulmin birnin Diyabon da yawa suka juya wa jam'iyyar Dimokurat baya saboda yaƙin Gaza, ya tashi da 312, Harris da 226. Tashoshin da dikodar ke kamawa da Turanci da Larabci suke magana, don haka ingancin hirar ya dogara da wanda ke fassara a daren. Idan malamin makaranta ne mai haƙuri, ana ƙaruwa. Idan mai karanto abin da ya gani a Facebook ne, sai a yi hattara.

A ganina masu zaman wurin suna ba Fadar White House nauyin da ya wuce nata a kan farashin burodi. Gaskiya ne yawancin alkamar da ake niƙa fulawa da ita daga waje take zuwa, kuma Amurka na cikin masu sayar mana, amma abin da ya ɗaga kuɗin burodi da madara da ƙwai a wannan teburi shi ne cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira a watan Yunin shekarar. Alkamar rani ta kwarin Haɗeja da ta Kadawa ta fi kusa da maganin matsalar. Su ma Amurkawan tsadar cefane na cikin abin da ya ja ƙuri'unsu, kuma sauyin gwamnati bai hana dozin ɗin ƙwai haura dala 6 a watan Maris 2025 ba, saboda murar tsuntsaye ta kashe kaji masu yawa.

Inda zaɓen ya taɓa ƙauye kai tsaye wurare biyu ne, kuma su ne ba a cika tattaunawa ba. Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ya fara watsa shiri a 1979, ya yi shiru a watan Maris 2025 bayan umarnin Trump a kan hukumar da ke kula da shi, sai masu rediyo suka koma ga BBC da DW da RFI. Na biyu ya fi ciwo. An dakatar da tallafin ƙasashen waje tun ranar rantsuwa, 20 ga Janairu 2025, aka kuma rufe USAID, hukumar ba da agaji ta Amurka, a watan Yuli. Ta kasance cikin manyan masu biyan kuɗin abincin tamowa, ledar nan ta giram 92 ta gyaɗa da madara da mai da sukari da ake ba yaran da suka rame. Gidan da ke da yaron da aka yaye ya fi buƙatar kuɗin haɗin kauri biyu su koma garin gero da waken suya da gyaɗa a soya a niƙa a riƙa dama masa, kuma idan ƙafafunsa suka kumbura ko ya daina cin abinci a kai shi asibiti ba tare da jira ba.

Sunan Robert F. Kennedy Jr., wanda Trump ya ba ma'aikatar lafiya, yana yawan fitowa a hirar saboda yaƙin da yake yi da abincin leda da launin da ake zuba wa kayan zaƙi. A kan rage sukari da abincin masana'anta, maganarsa abin ɗauka ce. Shakkun da yake jefawa a kan allurar rigakafi kuwa bai kamata ya sami wurin zama a bencin nan ba. Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, cutar ta bazu ta nakasa yara a nan da maƙwabtan ƙasashe, kuma sai a watan Agusta 2020 aka tabbatar an kawar da nau'inta na asali daga Afirka.

Abin da teburin ya rasa shi ne zaɓi ga wanda ba ya son fulawa. A yankin da ake loda zoɓo a manyan motoci zuwa ƙasashen waje, ya kamata a ce akwai butar zoɓo mai zafi da citta marar sukari. Har ya samar, akwai mai ƙosai a gefen tasha da safe, kuma ba ya hana a shigo da shi a ci a bencinsa. Ga mai kula da jininsa, odar da ta fi dacewa ita ce ruwan bunu da ƙaramin cokali ɗaya, dafaffen ƙwai biyu ko ƙosai, da kofin da aka ɗauraye da ruwan zafi. Mace mai ciki ko wanda jininsa ya yi ƙasa, da ake aika yaro ya sayo musu, su bar tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, domin ganyen yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe. Lokacin da ruwan ɗauraya ya fi tsabta kuma mai shayin ya fi natsuwa ya saurari oda shi ne bayan Asuba, kowace rana ban da Alhamis.