Masamune da Muramasa: wa ya fi wani a ƙira?

Ɗan uwa, ka tambaya wane ne ya fi iya ƙirar takobi tsakanin maƙeran Japan ɗin nan biyu, kuma ko da gaske ɗaya almajirin ɗaya ne. Ba su ma taɓa haɗuwa ba. Masamune ya yi aikinsa a Kamakura daga ƙarshen ƙarni na 13 zuwa farkon na 14. Muramasa kuwa mutumin Kuwana ne a lardin Ise, kuma takobinsa mafi tsufa da aka rubuta wa shekara na 1501 ne. Saboda haka labarin nan na cewa sun tsoma takubbansu a rafi, na Muramasa ya yanka duk ganyen da ruwa ya kawo, na Masamune ya ƙyale su suka wuce, tatsuniya ce kawai.

Abin da ya ɗaukaka Masamune yana jikin ƙarfen ne. Maƙerin Japan yakan shafe takobi da laka, da kauri a gadon baya, kaɗan a baki, ya gasa shi, sannan ya tsoma a ruwa. Bakin sai ya yi tauri, wani zane ya fito yana bin tsawon kaifin, shi ake kira hamon. A hannun Masamune zanen nan ba ya tafiya a layi ɗaya, hawa yake da sauka, cike da ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli da ido ke iya gani, su ne nie. Ba kasafai yake sa sunansa ba, kuma an rage wa yawancin dogayen takubbansa tsawo daga baya, don haka masana irin dangin Hon'ami ne suka riƙa tantance su. Takobinsa mafi shahara, Honjo Masamune, gadon gidan Tokugawa ne, wato dangin da suka taɓa mulkin Japan. An miƙa shi ga 'yan sanda a Tokyo a Disambar 1945, bayan Japan ta miƙa wuya a Yaƙin Duniya na Biyu, har yau ba a san inda yake ba.

Muramasa ya zo ne lokacin da yaƙin basasa ya cinye ƙasar, kuma mayaƙa yake yi wa ƙira. Kaifi ne abin alfaharinsa. Yana sa suna, kuma hamon ɗinsa kusan iri ɗaya ne a fuskokin takobin biyu, ta nan ake saurin gane shi.

Batun cewa takubbansa la'anannu ne masu shan jini, a ganina an zalunce shi. An ruwaito cewa da takobin Muramasa aka kashe kakan Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa mulkin gidan Tokugawa, a 1535, haka ma a mutuwar Nobuyasu, ɗan Ieyasu, a 1579. To amma Kuwana ba ta da nisa da Mikawa, ƙasar su Ieyasu, kuma mayaƙan yankin da yawa takubbansa suke ratayawa. Idan rigima ta tashi a cikin gida, abin da ke kube shi za a zaro. Shi kansa Ieyasu ya mallaki takobin Muramasa, wanda zuriyarsa ta gada, yana gidan adana kayan tarihin Tokugawa a Nagoya.

In kyawun ƙarfe kake nufi, Masamune ne, babu ja. Japan ta sa takubbansa da dama cikin dukiyar ƙasa mafi daraja, na Muramasa ko ɗaya bai kai wannan matsayi ba. In kuwa takobin da mayaƙi zai shiga fagen fama da shi kake nufi, mutanen Mikawa sun riga sun zaɓi Muramasa.