Kafin ka biya kuɗin sabuwar ƙofar gareji, duba inda take kallo

Duk wanda ya taɓa ɗora tafin hannunsa a kan ƙofar ƙarfe da la'asar a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Iska tana haura digiri 40, ƙarfen da aka yi wa baƙin fenti kuwa yakan kai 70 idan rana ta zauna a kansa. Shi ya sa tambayar farko ba ta farashi ba ce. Ina ƙofar take kallo, kuma mene ne a bayanta?

Mai kallon arewa ko kudu da sauƙi, rana tana bi ta samanta ne. Mai kallon gabas tana shan ranar hantsi, lokacin da gari bai gama gasuwa ba. Mai kallon yamma ita ce abin tausayi: tun daga azahar har magariba tana cikin wuta, da dare kuma ta juye zafin a cikin gida. Idan garejin nan bango ɗaya ne da ɗakin kwana ko falo, to abin da ka zaɓa zai bayyana a barcinka da kuɗin wutarka. Idan kuwa can gefe yake, mota kaɗai ke kwana a ciki, kada ka kashe kuɗin da bai kamata ba.

Mafi yawanmu mai ƙyaure biyu muka sani, wadda mai walda zai haɗa maka a unguwa. Tana da araha, kuma duk ranar da ta samu matsala akwai mai gyara a bakin titi. Aibinta nauyi. Ƙyaure mai faɗi yana rataye ne a kan hinji, a hankali sai ya sunkuya ya fara sharar ƙasa, iskar farkon damina kuma tana iya fizge shi ta maka a jikin mota. In ita za ka yi, je da kanka kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, ka ga fallen ƙarfen da idonka. A ganina kada ka sauka ƙasa da kaurin milimita 1.2. Mai 0.8 yakan loɓa, ya riƙa ƙara kamar ganga idan ya yi zafi ya huce. Ka kuma tabbatar an shafa jan fentin hana tsatsa kafin fentin ado, musamman a ƙasan ƙyauren inda ruwa ke kwanciya.

Mai gudu a kan dogo, wadda ake turawa gefe, ta fi dacewa da wuri mai faɗi domin nauyinta a ƙasa yake. Sai dai tana son fili a gefe daidai da faɗinta, kuma ƙurar hunturu da yashin damina suna cika dogon. Wanda ba zai riƙa share shi ba, ya shirya sauya boris akai-akai.

Mai naɗewa sama, irin ta shaguna, ba ta cin wuri ko kaɗan. Amma siririn ƙarfe ce falle ɗaya, zafi na ratsa ta kamar babu komai, ga ƙara da asuba da za ta tashi maƙwabta. Akwai ta alminiyom mai kumfa a cikin kowane sili, ta fi shiru da sanyi, sai dai ba ta kai ƙarfe tsaro ba, kuma ƙaramin karo ya isa ya lanƙwasa ta.

Wadda ake ta yayi yanzu a sababbin gidaje ita ce mai gaɓa-gaɓa da ke hawa sama ta kwanta a ƙarƙashin silin, irin wadda ake shigowa da ita daga Turkiyya da Sin, ko ta kamfanin Hörmann na Jamus ga mai hali. Kowace gaɓa falle biyu ce na ƙarfe da kumfa a tsakiya, kaurinta kusan milimita 40. A wajen tare zafi babu kamarta, kuma robar da ke gefunanta tana hana ƙura shiga. Amma a nan mutane ke yin asara. Idan rufin garejin kwano ne tsirara babu silin, zafin daga sama yake saukowa, ƙofar mai tsada kuma sai ta kulle shi a ciki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Fara da silin da tagogin shan iska a saman bango, sannan ka yi maganar ƙofa. Haka nan tana dogara da sifirin da ke ɗaukar nauyinta, wanda galibi ake yi don buɗewa da rufewa sau 10,000. In sau huɗu ake buɗe ta a rana, shekara bakwai ke nan ba cikakku ba. Tambayi mai sayarwa ko yana ajiye sifirin ɗin da robar, domin rana tana busar da roba ta tsattsage. Kuma kada yaron gida ya taɓa sifirin nan, yana iya karya hannu.

Katako kuwa, a bar shi. Bushewar rani ta tsaga shi, damina ta kumbura shi, gara ta ƙarasa.

Akwai abin da masu walda da yawa ba sa lissafawa: ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi. Ƙofa mai faɗin mita 4 takan ƙaru da kusan milimita 2 tsakanin sanyin asuba da zafin la'asar, alminiyom kuma kusan ninki biyu. Kaɗan ne a ido, amma shi ne dalilin da sakata ke shiga lafiya da safe ta ƙi shiga da yamma. Ce wa mai aikin ya bar 'yar tazara a wajen sakata da gefuna. Launi ma ba ado kawai ba ne. Na san baƙi da ruwan toka mai duhu su ake so yanzu, suna kuma ɓoye datti, amma fari ko ruwan madara sun fi su mayar da hasken rana nesa ba kusa ba. Wanda ya nace wa baƙi a ƙofa mai kallon yamma, to ya yi mata rumfa ko ya dasa darbejiya a gabanta.

Sai batun inji da rimot. Da yanayin wutarmu, kada ka karɓi injin da ba shi da batir da makullin sakin hannu, in ba haka ba wata rana motarka za ta kwana a ciki kai kana neman adaidaita. Injinan Centurion na Afirka ta Kudu sun yaɗu a nan, don haka samun mai gyaransu bai cika wuya ba. Batir ɗin dai ba ya shiri da zafi: ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin kwanansa, saboda haka a sa akwatin a inuwa. Kada kuma a cika dogo da giris, ƙura yake tarawa ya zama taɓo.

Auna da motar da kake fatan saya, ba wadda kake hawa ba. Hilux tana kai kusan mita 1.8 a tsayi kafin a ɗora mata komai, don haka ƙofa mai tsayin mita 2.4 da faɗin mita 3 ta fi kwanciyar hankali. Idan kuma a garejin kake ajiye janareta da jarkokin mai, ƙofar da ta rufe ruf haɗari ce. Hayaƙin janareta yana kisa ba tare da an ankara ba. Fitar da shi waje tukuna, kafin masu kafa ƙofar su iso.