Garejin birki a Kwakwachi: aikinsu ya yi, amma ka zo da haƙuri

In dai birki ne matsalar motarka kuma kana Kano, akwai wani gareji a ɓangaren Kwakwachi da zan iya tura ɗan uwana na jini ba tare da fargaba ba. Ba shi da allon suna, rumfar kwano ce da kwantena ɗaya inda suke kulle kayan aiki, kuma mai wurin bai ce in sa sunansa ba shi yasa ban sa ba, kowa dai Oga yake ce masa. Birki da ƙafar mota kawai yake yi, ba ya taɓa inji ba ya taɓa giya, in ka kawo masa matsalar wuta ma zai nuna maka wani can gaba. Wannan kaɗai ya sa hankalina ya kwanta da shi, don mu a nan an saba bakanike ɗaya shi ne na inji shi ne na birki shi ne na AC, duk abin da ka kawo ba ya cewa bai iya ba.

Motata Corolla ce ta 2007, birkin gaba dis ne (faifan ƙarfe), na baya dram (mai kamar kwano). Matsalarta biyu ce, in ina gudu na taka birki sai sitiyari ya kama rawa a hannuna, sannan fedar ta yi laushi sai ta yi ƙasa sosai kafin motar ta ji. Fad shi ne abin da ke matse dis motar ta tsaya, kuma a yawancin wurare kafin ka rufe baki an ce maka "fad ne Alhaji, kawo kuɗi a siyo", a kwance taya biyu na gaba a sa sabo a sallame ka. Shi Oga bai ce komai ba sai da ya karɓi makulli muka zaga tare, ya taka a hankali ya taka da ƙarfi, ya saki sitiyari kaɗan ya ga ko tana ja gefe, da muka dawo ya kashe inji ya danna fedar ya riƙe na ɗan lokaci yana jin ko za ta ci gaba da nutsewa. Ya ce in ta ci gaba da sauka a hankali alhali ba inda mai yake zuba to masta, wato famfon da feda ke dannawa ya tura mai zuwa tayoyi, ita ce ke sakin mai ta ciki, tawa kuwa ta tsaya wuri ɗaya, don haka ya ce masta lafiyarta lau kar wani ya sa ni in siya.

Sai aka ɗaga motar, kuma a nan na fara ganin bambanci da ido. Jak na ɗagawa ne kawai a wurinsu, ana ɗagawa sai a zura ƙarfen tokare mai ƙafa a ƙasan motar, kuma ba yaron da ke sa kansa ƙarƙashi sai an tokare. Duk wanda ke zuwa gareji a ƙasar nan ya san yadda ake ɗora mota kan dutse ko bulo ko guntun katako yaro ya shige ciki, wallahi ni duk sanda na gani gabana faɗuwa yake, bulon siminti fashewa yake lokaci ɗaya ba gargaɗi. Taya huɗun duka ya sa aka cire, na ce Oga ai gaba ce ke damuna, ya ce "Alhaji feda ɗaya ce ke taka su duka huɗun, ba zan duba rabi in ce maka na gama ba."

Abin da ya fi burge ni shi ne awo yake yi, ba ƙiyasi ba. Yana da ma'aunin kauri irin na ƙarfe mai lamba a jiki, ya auna fad ya auna dis, ya goge tsatsa a gefen dis ɗin ya nuna min wani rubutu da kamfani ya buga, MIN TH da lamba a gabansa, wato iyakar sirantakar da aka yarda dis ɗin ya kai, in ya yi ƙasa da haka ba maganar kai shi a goge a injin, sai dai canji. Mutane da yawa suna tuƙi shekara da shekaru ba wanda ya taɓa nuna musu wannan rubutun. Sabon fad kaurin namansa yana kaiwa wajen milimita 10 zuwa 12, shi kuma dokarsa in ya sauko 3 a canza, kar a jira sai ƙarfe ya fara cin ƙarfe ka ji ƙara kana shiga layinku.

To a tayar gaba ta dama ne ya gano ainihin ciwon. Fad na ciki ya cinye saura kaɗan, na waje kuwa da sauran namansa sosai, ya ɗora min su biyun a tafin hannu ya ce wannan ba laifin fad bane. Kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad, tana da fin guda biyu da take zamewa a kai don ta matse dis ta ɓangare biyu daidai, ɗaya daga cikin nawa ya ƙame ƙam don robar da ke rufe shi ta yage, ƙurar hunturu ta shiga ruwan damina ya biyo baya tsatsa ta kama. Da an sa min sabon fad kawai da haka zai sake cinyewa gefe ɗaya, dis ya riƙa ɗaukar zafi, in dawo in ce kayan da aka siyo jabu ne alhali ba haka bane. Ya zare fin ɗin da ƙyar, ya goge shi tas, ya canza robar, ya shafa giris na birki na musamman wanda yake ajiyewa a ƙaramin gwangwani. Ya ce giris ɗin nan na gama gari da ake cusa wa boris ba ya sa shi a nan, don yana kumbura roba, haka ma fetur da baƙin mai, shi yasa ba ya bari yara su wanke kayan birki da fetur, na feshi yake amfani da shi. Kuma duk tsawon aikin kalifar tana rataye da waya a jikin sifirin, ba a bar ta tana lilo a kan tiyon mai ba kamar yadda ake yi a wurare da dama, nauyin nan yana lalata tiyon ta ciki inda ido ba ya gani.

Rawar sitiyari kuma daga dis ne, kaurinsa ya zama ba daidai ba, kuma da ya auna ya ga in an goge zai wuce iyaka, don haka muka canza biyun gaba tare. Kafin ya ɗora sabo sai da ya sa yaro ya kankare tsatsar fuskar hob, wato inda dis ke zama, da buroshin ƙarfe har ta yi haske, ya ce ɗan datti kaɗan a wurin ya isa ya sa sabon dis ya zauna a karkace rawar ta dawo bayan 'yan watanni. Notin taya ma bai bari an hau sifana da ƙafa ana tsalle ba, yana da sifana mai ma'auni wadda ke yin ƙas in ta kai, ya saita ta a 103 Nm, ma'aunin ƙarfin ɗauri, wanda shi ne ƙa'idar Corolla, ya bi notin a tsallake ba a jere ba.

Maganar man birki ita ce nake so duk mai mota ya tsaya ya karanta ko da ba zai je garejin nan ba. Da ya zuƙo nawa a sirinji launinsa kamar shayi ba madara, alhali sabo kusan garau yake da ɗan rawaya. Man birki yana shan danshi daga iska a hankali, ko motar tana aiki ko tana ajiye, kuma in ruwa ya yi yawa a ciki sai ya riƙa tafasa da wuri. Man birki iri-iri ne, kowanne da lambarsa ta DOT, DOT 3 sabo ƙa'idarsa kar ya tafasa ƙasa da digiri 205, in ya sha ruwa kuwa yana iya saukowa wajen 140, DOT 4 kuma 230 ne sabo, 155 in ya jiƙa. In man ya tafasa tururi ne ke cika layin, tururi kuma matsuwa yake, sai ka taka feda ta tafi ƙasa gaba ɗaya motar bata ji ba. Wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga da mota cike da kaya ya san irin zafin da birki ke ɗauka a wurin, shi yasa tsofaffin direbobi ke sauka da ƙaramar giya ba su dogara da feda kaɗai ba. Mu kuma ɗabi'armu in mai ya yi ƙasa sai a ƙara, ba a taɓa canzawa, alhali abin da aka fi ba da shawara shi ne a zubar da tsohon gaba ɗaya duk wajen shekara biyu. Oga ya ƙara da cewa in ka ga mai ya yi ƙasa kar ka tsaya a ƙari, ko fad ne ya cinye ko wani wuri ke yoyo, ɗaya daga ciki ne dole.

Ba ya karɓar man da aka buɗe, sai kwalba mai hatimi ya fasa a gabanka, kuma abin da aka rubuta a murfin tankin motarka shi zai sa, tawa DOT 3 ce. Ya ja kunnena kan DOT 5, ya ce kar in ga lambar ta fi girma in ɗauka ya fi kyau, wani irin mai ne daban ba a haɗa shi da 3 ko 4. Cire iskar kuma da tsari suka yi, yaro ɗaya a kan feda Oga a ƙasa da siririn tiyo a cikin gora yana kallon kumfa, suka fara da tayar baya ta dama wadda ta fi nisa da masta suka ƙare da ta gaban direba, wani yaron yana tsaye yana ƙara mai kar tankin ya ƙafe iska ta sake shiga. "Taka, riƙe, saki" har sai da mai garau ya fito a kowace taya.

Kaya kuwa ba ya siyarwa, zai ba ka tsohon a leda ya haɗa ka da yaronsa ku je kasuwar Ƙofar Ruwa, in kun dawo ya duba kafin ya sa. Na so wannan don ba ka zargin an ci riba biyu a kanka, amma yana cin lokaci. Ra'ayinsa kan kayan Beljiyam ma ya yi min daidai, kalifa ko dram na Beljiyam mai kyau zai sa maka, amma fad da tiyo da mai sai sabo, fad ɗin nan da ake liƙa wa sabon nama a tsohon ƙarfe kuwa ko kyauta aka ba ka ba zai ɗaura ba don yana iya ɓallewa in ya yi zafi. Ina zaune wani direban haya ya zo fayif ɗin tayar baya na yoyo, yana roƙo a daddale fayif ɗin a toshe ya ƙarasa lodin ranar, Oga ya ce "ɗan uwa ka yi haƙuri, mutane kake ɗauka, ba da hannuna ba." Direban ya tafi yana faɗa. Na tausaya masa don na san balas ke jiransa da yamma, amma gaskiya tana wurin Oga, mota mai birki a taya uku in aka taka da ƙarfi tana iya juyawa.

Yanzu abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Jira yana da yawa sosai, don komai sai ya bi ta hannunsa, yaran ba sa rufe aiki sai ya duba, in ka tarar da mota uku a gabanka to ranar ta tafi. Wurin zama benci ɗaya ne kuma rana na cimma sa tun kafin azahar. Ba shi da kwamfutar duba ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi, in wutarta ta kama a dashbod zai duba waya da sensa da ido ya goge, in bata mutu ba sai ya tura ka wurin mai kwamfuta, na dai yaba da bai yarda a cire ƙwan wutar a rufe ido ba, amma gareji da ya keɓe kansa ga birki ya kamata a ce yana da wannan na'urar. Ba sa ba da rasit, kuma kuɗin aikinsa ya fi na bakin titi nesa, ba ya ragi sosai.

Wanda ya fi damuna shi ne yaran. Da aka buɗe dram na baya don duba lainin da saita hambirki, na ga ƙaramin cikinsu ya sa baki yana hure baƙar ƙurar nan, ta tashi ta rufe masa fuska. Ƙurar birki ba abin shaƙa bace, wasu kayan har yanzu ana samun asbestos a cikinsu kuma yana illata huhu bayan shekaru, jiƙa wurin ake yi a goge. Na yi wa Oga magana ya tsawatar masa, amma ba takunkumi ko ɗaya a wurin, kuma tsohon man da aka zuƙe a ƙasa aka tuttular da shi bayan kwantena. Mutumin da ke kula da motar baƙo haka ya kamata yaran da ke ƙarƙashinsa su samu irin wannan kulawar.

Da aka gama bai miƙo min makulli ba sai da ya shiga ya tattaka fedar har ta yi tauri, don bayan canza fad takun farko fanko ne, wanda bai sani ba zai iya ja da baya ya daki bango. Muka sake zagawa, ya ce kwanakin farko in riƙa taka birki a hankali in guji tsayawar gaggawa in ba dole ba har fad da dis su saba da juna. Tun daga nan sitiyari bai sake rawa ba, fedar tana kamawa tun daga sama, hambirki ma yana riƙe motar a gangare. In za ka je ka isa tun kafin takwas na safe, kar ka zaɓi Juma'a don da wuri suke tashi, ka taho da man birkinka mai hatimi wajen lita ɗaya in canjin gaba ɗaya za a yi, kuma ka ce a ba ka tsofaffin kayan da aka cire ka gani da idonka.