Sabobinmu sun koma cikin na'ura ɗaya, amma kilen lasisi ya ja mana asarar yini guda

Siminti, kwano da rodi muke sayarwa a Garwa, kuma sabobi uku, wato manyan kwamfutocin da sauran na ofis ke dogara da su, muke da su a ɗan ɗakin bayan ofishin akawu: na rasit da lissafi, na kayan sito, da na ajiyar takardu. Wanda ya san zafin garin nan a Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, ya san abin da ɗakin ke lashewa na wuta da man janareta. Shi ya sa muka ɗauko wani kamfani daga Duwala ya mayar da su ukun cikin na'ura ɗaya mai ƙarfi, kowace tana aikinta a ciki kamar tana da ƙarfenta.

Shawarar injiniyansu ta farko ta burge ni. Ya ce kada mu ɗauki VMware, manhajar da ke haɗa sabobi da yawa cikin na'ura ɗaya, domin tun da Broadcom ta saye shi a 2023 lasisinsa ya koma na haya, mu ɗauki irinta mai suna Proxmox da ake saukewa kyauta. Ya kuma faɗa mana gaskiya cewa kwashe Windows Server 2012, tsarin da sabobinmu ke aiki da shi, zuwa sabon gida ba zai sabunta shi ba, tunda Microsoft ta daina kula da shi a Oktoban 2023.

Daren Asabar ya kwashe komai, ya ce an gama. Safiyar Litinin manhajar rasit ta ƙi buɗewa, wai ba ta ga lasisi ba. Motoci an loda, na Marwa da na Kusiri, direbobi sun cika baranda, babu takardar da za su nuna a hanya. Alhaji ya kira ni: "Malam Akawu, me ke tsayar da kayan mutane?" Na ce, "Ranka ya daɗe, kwamfuta ce." Ya kashe wayar. Injiniya fa? Tun daren Lahadi ya hau jirgin ƙasa daga Ngawundare, wayarsa a kashe, ofishinsu kuma sai "yanzu za mu kira ku". Muka zaro tsohon littafin rasit mai kabon muna rubutawa da hannu har la'asar.

Ashe lasisin a ɗan kile yake, wato ɗan abin da ake sokawa a ramin USB, soke a bayan tsohuwar sabar da injiniyan ya kashe ya tura lungu. Da ya kunna waya, sai ya ce in zare shi in soka a sabuwar, shi kuma ya shigo ta intanet ya haɗa ramin USB ɗin da sabar rasit. Aikin bai kai shan shayi ba. Mutumin da sana'arsa ke nan, bai leƙa bayan na'ura ba, bai buga rasit ko ɗaya na gwaji ba!

Tun daga nan dai aiki lafiya lau. Ɗakin ya rage zafi, batir guda na riƙe komai in an ɗauke wuta, kuma kafin kowane gyara ana ɗaukar hoton saba yadda take, in abu ya ɓaci a koma kai. Har na fara cewa sun ci kuɗinsu halal.

Sai na gano kwafin ajiyarmu ma a faifan wannan na'urar ɗaya yake zaune. In ta ƙone, lissafi da sito da kwafi duk sun tafi tare. Ragowar kuɗinsu na nan a hannun Alhaji, ya ce sai sun kawo faifan waje sun maido da kwafi a gabanmu mun gani.