Gidan kallon besbol a Bukoki: ka zo don bakin Alhaji

A Bukoki, nan Yamai, akwai gidan kallo da ke nuna ƙwallon Turai da yamma kamar kowa, amma dare na rabawa sai a juya tele zuwa besbol na Amurka. Mai wurin, Alhaji, dattijo ne da ya daɗe yana tuƙin tasi a New York, can ya kwaso son wasan. Wasan ƙarfe 7 na yammacin can tsakar dare ne a wurinmu, na Kalifoniya kuwa sai 3 na dare. Shiga dala 40. Benci ne, amma akwai grup, kuran na ɗaukewa yake tashi. Maganin sauro ka taho da naka.

Abin da ya ci kuɗin shi ne bakin Alhaji. Sharhin wasan da Ingilishi ne, shi kuwa yana gefen tele da butar shayi yana warware mana. Wani dare mai jifan farko, wato wanda ke fara jefa wa masu bugu ƙwallo, ya hana kowa motsi, sai ga koci ya fito a zagaye na shida cikin tara ya karɓe ƙwallon daga hannunsa.

Na ce, "Alhaji, ciwo ya ji?"

"Lafiyarsa lau, ɗana. Jifansa ne ya kusa 100."

Ya ce yaran yanzu kowane jifa da iyakar ƙarfinsu suke yi, wasu har gudun kilomita 160 a awa, jijiyar gwiwar hannu ta tsinke, a yi musu aikin da aka fara yi wa wani mai jifa, Tommy John, a 1974, mutum ya kwana fiye da shekara yana jinya. Ga masu lissafi da kwamfuta sun gano cewa mai bugu idan ya haɗu da mai jifa karo na uku, ya riga ya karance shi. Alhaji ya yarda da hujjar, zuciyarsa ce ta ƙi. Har yau bai huce ba da cire Blake Snell, mai jifan Tampa Bay, a wasan ƙarshe na cin kofi na 2020 bayan jifa 73 kacal, Tampa Bay ta sha kashi a hannun Dodgers. Sai ya ɗauko Jack Morris, wanda ya yi zagaye 10 shi kaɗai a 1991, Minnesota ta ci 1-0.

Ni ma ina bayansa. Ka hana idonka barci don mutum guda, kafin shayi na biyu an zaunar da shi, sauran wasan a yi ta canjin masu jifa da talla.

Aibin wurin ɗaya: idan Alhaji ya shiga tarihi, ba ya ganin abin da ke faruwa a fili. Oktoba, lokacin wasannin cin kofi, ya fi daɗin zuwa. A nan muka ga Yamamoto, mai jifan Dodgers, ya cika zagaye 9 shi kaɗai sau biyu a jere a 2025. Ka zo da wuri, bencin gaba na masu gadin unguwa ne.